Tukunya Biyu a Gidan Wanzami

Kwanakin baya na bi ta fadamar Lausu a kan babur da sassafe, lokacin da shinkafa ta fara nuna, sai na ji wurin shiru. Na tsaya na kashe injin don in tabbatar ba kunnena ne ya fara tsufa ba. Babu ihun yara, babu ƙarar gwangwani. Abin da na gani kawai wasu zaruruwa ne masu ƙyalli da aka ɗaɗɗaura a kan sanduna iska tana kaɗa su, sai wata gona guda da aka lulluɓe da raga. Tsuntsayen suna nan yadda na san su, jan-baki ne garke-garke, amma masu korarsu sun tafi. Wasu suna makaranta, wasu suna bakin titi suna jiran fasinja, sauran kuma suna inuwa kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ban ce sun yi laifi ba. Korar tsuntsu ba aikin da mai hankali zai yi kewarsa ba ne. Amma a wannan fadamar na san Haladu, kuma tun ranar da na tsaya a wurin, maganarsa da ta mahaifinsa ta ƙi barin raina.

A zamaninmu, da zarar hatsi ya fara ido, yaro ya daina zama na uwarsa, ya zama na gona. Ana idar da sallar asuba za a miƙo maka ɗumame a kwano, ka kama hanya raɓa tana jiƙa maka wando. A tsakiyar kowace gona akwai doguwar rumfa ta itace da ake hawa, daga jikinta igiyoyi sun miƙe zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. In ka ja igiya gonar duka ta ɗauki ƙara, kai kuma ka bi ta da ihu har muryarka ta dishe. Tsuntsu ba shi da kunya, in ya saba da ƙarar sai ya daina tashi, saboda haka dole a haɗa masa da jifa. Da rana tsaka, lokacin da suka koma bishiya, sai mu sauko bakin ruwa mu cura laka mu shanya a kan dutse, ita ce harsashinmu na yamma. Kowa yana da majajjawarsa ta igiyar rama. Manya in sun zo wucewa ba sannu suke mana ba, sai dai su ce, “Kai, barci kake ko gadi?” Birai kuma kan sauko daga duwatsu su zauna a gefen gona suna kallonmu, suna jiran mu yi hamma.

Gonarsu Haladu tana maƙwabtaka da tamu, rumfarsa da tawa muna jin tarin juna. Shi kaɗai ne a fadamar ba ya amfani da majajjawa. Da hannu yake jifa, hannun hagu, kuma curin lakarsa yakan kai inda majajjawata ba ta kaiwa. Yana ɗaga ƙafa guda, ya karkace jiki kamar zai faɗo daga rumfar, sai ka ji wani ɗan fito a iska, sai ka ga tsuntsu ya faɗo. Ba korarsu yake ba, zaɓa yake. Yakan ce mini, “Ka ga na ƙarshen can mai taurin kai? Shi zan gaisar.” Da yamma mu fige mu gasa a bakin gona, rabo daidai, ko da yake ni ban taɓa kayar da ko ɗaya ba. Ba shi da yawan magana, ba ya kuma fariya. In na yaba masa sai ya duba hanya ya ce in rufa masa asiri kada Baba ya ji.

Baban nasa shi ne Malam Ilu wanzami, wanda ya aske kan kusan duk namijin da ke unguwarmu, ya kuma yi wa yawancinmu kaciya, shi ya sa har muka girma in muka hango zabirarsa muke sauya hanya. Dogon mutum ne marar ƙiba, mai tsabta har ta yi yawa, ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Haladu ne ɗansa na fari, don haka ba ya kiran sunansa. In zai yi maganarsa da ni sai ya ce “abokin naka”. Wanzanci gadonsu ne tun kaka da kakanni, kuma Haladu ne zai ɗauki zabirar. Matsalar ita ce babu wanda zai miƙa kansa ga aska a hannun hagu, balle ya miƙa jaririnsa ranar suna. A wajenmu an raba wa hannuwa aiki tun mutum yana goye. Dama ita ke ci, ita ke gaisuwa, ita ke karɓa in an miƙo maka abu. Hagu ta tsarki ce da kwashe ƙazanta da yar da abin da ba a so. Yaron da ya miƙo hagu don karɓar ko da ƙosai ne, sai a janye ƙosan a buge hannun. Malam Ilu bai tsaya a bugu ba. Tun Haladu yana ƙarami yakan ɗaure masa hannun hagu a jikinsa da tsohon rawani lokacin cin abinci da lokacin rubutun allo. Na sha zuwa gidansu in tarar da shi haka, yana kokawa da tuwo da hannun da ba ya jin maganarsa, miya tana bin gwiwar hannu. Ba mugunta ba ce. A duk garin babu wanda ya ga laifin uban, ni ma a lokacin ban gani ba.

Ɗaurin ya yi aiki a wurare da yawa. Haladu ya koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Aska ce kawai ta ƙi. Da muka zama samari uban ya fara tafiya da shi kasuwar Kibiya, yana ba shi kawunan yara da na marasa tsegumi. Wata ranar kasuwa mutane suka yi yawa, sai ya ba shi kan wani dattijo mai sayar da albasa. Haladu ya fara da dama yana ta fama, dattijon yana ta tsaki, can hankalinsa ya tafi ga aikin, askar ta koma hagu ba tare da ya sani ba. Waɗanda suka gani sun ce tun da aka fara askin sai a lokacin ya tafi sumul. Amma wani na gefe ya ce, “A’a, da hagu ake aski yanzu?” Dattijon ya zabura ya miƙe da rabin kai a aske, yana salati, yana tambayar abin da ya yi wa Malam Ilu da zai haɗa shi da bahago. Kasuwa ta taru ana dariya. Malam Ilu ya taso ya karɓi askar. Ya zaunar da mutumin ya ƙarasa masa da kansa, ya ƙi karɓar ladan, ya naɗe tabarma tun rana ba ta yi ba. A hanyar komawa gida, in ji Haladu, uban yana gaba shi yana baya, ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

A shekarar da soja suka mayar da mulki, lokacin da fastocin ’yan takara suka rufe kowane bango har da na makewayi, aka turo wani ɗan bautar ƙasa makarantarmu ta Rano. Daga ƙasar Yarabawa ya zo, mu dai Kofa muke ce masa. Ya zo da wata jaka da ke da ƙwallo fari mai tauri, ɗinkakke da jan zare, da wani kulki, da wasu manyan safar hannu na fata guda biyu masu kama da akushi. Ya ce sunan wasan besbol, mu kuwa muka sa masa wasan jifa, sunan da ya bi shi har yau a garinmu. Yara suka gwada kwana biyu suka koma ƙwallon ƙafarsu. Ranar da Haladu ya jefa ƙwallon nan, Kofa ya cire safar yana yarfe hannu, ya dube shi ya ce da gurguwar Hausarsa, “Kai, sake.” Ya sake. Kofa ya yi ta zagaya shi yana taɓa kafaɗar hagun kamar mai cinikin bijimi. Ya ce a wasan nan bahago tsada gare shi, ana nemansa ruwa a jallo. Muka yi dariya, don ba mu taɓa jin inda ake neman bahago ba. Daga ranar aka ba ni aikin tsugunawa da safa ina cafke jifan Haladu ina mayar masa, tun da ni ne abokinsa kuma ni ne ban iya cewa a’a ba. Tafin hannuna ya yi wata guda a kumbure, har yau in sanyi ya shigo yatsana na tsakiya yana tuna mini.

Da Kofa ya gama shekararsa ya ce zai tafi da Haladu kudu, inda ake da filin wasan da masu koyarwa. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka ƙaddamar da Shari’a, gari ya cika da wa’azi, kowa ya zama mai fatawa, har mai shayi. An yi ta gardama a majalisu ko wasan jifa halal ne. Da aka ga hoton ’yan wasan da dogon wando da hula, masu cewa haram suka rasa abin kamawa, don sun fi ’yan ƙwallon ƙafa suturta jiki nesa ba kusa ba. Saura izinin uba. Ni na raka Haladu zauren gidansu, muka tsuguna, ya yi bayani kansa a ƙasa. Malam Ilu yana wasa aska a kan fata, bai daina ba har aka gama.

“Da wane hannu za ka yi sana’ar?”

“Da hagu, Baba.”

Ya ɗaga askar ya duba bakinta a haske, ya mayar cikin zabira.

“Je ka. Ban yi maka baki ba. Amma albarkata ba za ta bi hannun nan ba, kuma abin da ya nemo ba zai shiga cikina ba.”

Iyakar maganar ke nan. Haladu ya tafi a motar safe, ni na koma gona, daga baya na buɗe ɗan shagon taki da maganin feshi a bakin tasha, inda nake har yanzu.

Shekaru suka yi ta wucewa, labarinsa yana zuwa gutsure-gutsure. Aka ce yana buga wa ƙasa wasa. Aka ce wasu baƙi sun gan shi sun tafi da shi Japan, ana biyansa don ya yi jifa, ba don komai ba. Mutanenmu sun kasa gane wannan. Wani tsoho a majalisa ya tambaye ni ko tsuntsayen can sun fi namu ɓarna ne da har sai an ɗauko mai kora daga Rano. Gidajen kallon ƙwallo sun cika garin a lokacin, samari suna kashe junansu da gardama a kan ƙungiyoyin Turai, amma babu gidan da ke nuna wasan jifa, don haka shaharar Haladu ta zama irin wadda ake ji ba a gani. Hotonsa na farko da ya iso, yana tsaye a kan wani ɗan tudu da ƙafa a sama, ya zaga hannun mutane har ya yi laushi. Na dube shi na ga tsayuwar nan ce ta kan rumfa, ba abin da ya sauya sai tufafi. Na yi murna, na kuma ji ɗan ƙyashi na kwana biyu, don mun ci tsuntsu ɗaya ni da shi, ga shi can ga ni nan ina auna taki da mudu. Daga baya abin ya wuce, kamar yadda yawancin abubuwa suke wucewa in mutum yana da iyali da zai ciyar.

Haladu bai manta gida ba. Buhunan shinkafa da masara da jarkokin mai suka fara sauka a ƙofar gidan wanzami, ta hannuna suke biyowa. Malam Ilu bai mayar da su ba, bai kuma hana kowa ci ba. Ya ce maganar tsakaninsa da cikinsa ce. Daga ranar Gwaggo Asabe, mahaifiyar Haladu, ta fara ɗora tukunya biyu. Babba ta gidan duka, daga kayan da ɗanta ya aiko. Ƙarama ta maigida shi kaɗai, daga dawar gonarsa da kuka da daddawar da ya saya da ladan askinsa. Har muciya da ludayi an raba. In ka shiga gidan da yamma za ka ji ƙamshin shinkafa da mai ya cika tsakar gida, jikoki suna lasar hannu, shi kuma yana zaure da baƙin tuwonsa yana ci a natse kamar ba ya jin komai. Haladu ya zo gida sau biyu a waɗannan shekarun, ya yi ƙiba, Hausarsa ta ɗan yi nauyi. Ya tsuguna ya gaida uban, uban ya amsa da kyau, ya tambaye shi hanya da mutanen can da ko akwai masallaci kusa. Haladu ya kawo masa babbar riga da agogo da maganar kujerar Makka. Malam Ilu ya ce an gode, Allah ya mayar da shi lafiya, kayan kuma suka koma ɗakin Gwaggo. Kalmar da Haladu ya zo nema ba ta fito ba, ya koma babu ita.

Da farko abin bai dami kowa sosai ba, don tsohon yana da ƙarfinsa. Amma zamani ya juya wa wanzamai baya. Shagunan aski masu janareto da madubi da hotunan kawuna a bango suka buɗe ko’ina, samari suka daina zama a tabarma. Kaciya ta koma asibiti. Masu ba da kai ga aska suka rage tsofaffi, su ma ɗaya bayan ɗaya muna raka su makwanci. Gonar kuma ta fi ƙarfinsa, ga shi ba zai yarda a sa mata takin da ya san da kuɗin ɗansa aka saya ba, ni ma da na kai masa buhu na ce kyautata ce sai da ya sa na rantse. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Ƙaramar tukunyar ta koma hawa wuta sau ɗaya a rana, wata rana ma kunu ne kawai a cikinta. Mutum ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa, alhali buhuna suna jingine a bayan bangon da yake jingina. Liman ya zo ya zaunar da shi, ya ce masa babu inda addini ya haramta abin da bahago ya nema da guminsa, kuma hakkin ɗa ne ya ciyar da uba. Malam Ilu ya saurara har ƙarshe ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ban ce haram ba ne. Magana na yi, kuma a gaban yaron nan na yi ta.” Yaron nan ni ne, da furfurata a gemu.

Gwaggo Asabe ta taɓa gwada zuba masa garin masarar ɗanta a cikin na dawa. Loma ɗaya ya yi ya ture kwanon, ya wuni bai ci komai ba, ba ta sake ba. Ta tare ni a soro wata rana, idonta ya yi ja, ta ce, “Ɗan nan, mutumin nan zai mutu da yunwa a kan buhu, yaron can kuma zai ƙare rayuwarsa babu albarkar uba. Kai ne abokinsa, ka yi wani abu.” Na ce to, don ba a ce wa uwa a’a, amma ban san abin da zan yi ba. Abin da na iya kawai shi ne na ci gaba da kai masa kaina kowace Juma’a da hantsi, in biya ladan aski, ko da yake hannunsa ya fara rawa kuma matata tana ƙirga yankan da nake komowa da su.

A lokacin ne manyan wayoyi suka shigo, Haladu ya fara turo mini guntayen bidiyon wasansa. Wata Juma’a ina zaune a tabarmar zauren, kaina a sunkuye, tsohon ya shafa mini ruwa da sabulu ya fara aiki. Zaman aski zaman gundura ne, sai na ciro wayar na ɗora a cinya na kunna wanda ya shigo da safe, na rage murya. Ban yi da wata manufa ba. Na sha yi masa tayin kallo a baya yana cewa idonsa ba na wasa ba ne. Fili ne babba cike da mutane, Haladu yana kan tudunsa, wani ya tsuguna a gabansa can nesa, safa a hannu, ƙarfe a fuska, wani kuma yana tsaye da kulki yana jiran ƙwallo. Haladu ya ɗaga ƙafa ya jefa, mai kulkin ya kai duka ya sami iska, mutane suka ɗauki ihu. Sai na ji askar ta tsaya a tsakiyar kaina.

Ya leƙo ta saman kafaɗata. Numfashinsa yana sauka a ƙeyata.

“Abokin naka ne wannan?”

“Shi ne, Baba.”

“Mayar da shi baya.”

Na mayar. Ya sunkuyo sosai, don idon nasa sai abu ya matso. Haladu ya sake jefawa, mai kulki ya sake dukan iska. Ni ina jiran ya yi tsaki a kan hannun, amma ba wurin yake kallo ba.

“Wancan da ya tsuguna, me ya miƙo masa?”

“Ƙwallon ne yake mayar masa, Baba, don ya sake jefawa.”

“Da wane hannu ya karɓa?”

Na duba. Abin da na yi shekara guda ina yi da hannuna a filin makaranta, sai ranar na gan shi. Safar tana hannun dama, don hagun yana buƙatar zama a sake don jifa.

“Da dama ya karɓa.”

“Yau kaɗai, ko kullum?”

“Kullum, Baba. Duk wanda zai ba shi ƙwallo a filin nan, a damansa yake sa masa. Ba ya taɓa karɓa da hagu.”

Ya sa na kunna wani, na kunna, da wani bayansa. A ɗaya alƙalin wasan ne ya ciro sabon ƙwallo ya jefo masa, Haladu ya cafke da dama, ya ɗan sunkuyar da kai alamar godiya yadda mutanen can suke yi. Tsohon ya bi kowanne da ido, sabulun kaina yana bushewa, ƙuda suna sauka. Bai tambayi wa ya ci wasan ba, bai tambayi me mai kulkin yake nema ba, kuma na tabbata har ya koma ga Allah bai san yadda ake ƙirga ci a wasan jifa ba.

Can ya miƙe zaune, ya ce a hankali, kamar da askar yake magana, “In an ba shi, da dama yake karɓa. In zai yar, da hagu yake yarwa.” Ya gyaɗa kai. “To ai haka na koya masa.”

Ya sake jiƙa mini kai ya ƙarasa askin, bai yanke ni ko sau ɗaya ba ranar. Ya goge askar, ya naɗe ta, ya sa a zabira. Na miƙa masa ladansa ya karɓa. Sannan ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

“Kina ji na? Yau kada ki wahalar da kanki da tukunya biyu.”

Na kasa kunne wajen cikin gida. Sai ƙarar wani kwano da ya faɗi, sai muryar Gwaggo tana salati ƙasa-ƙasa. Na tashi zan tafi don in ba su wuri, ya ce in dakata.

“In kun yi waya da abokin naka, ka ce masa na ga aikinsa. Ka ce Allah ya yi masa albarka.” Ya gyara zaman hularsa. “Hannun duka biyu.”

Na kira Haladu daga bakin masallaci kafin a tayar da salla. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara ban rage ba. Har na ɗauka layin ne ya yanke, ina ta cewa kana ji na, sai na ji yana jan hanci. Da ya iya magana abin da ya ce kawai shi ne, “Ya ci?” Na ce ban sani ba tukuna, amma na ga hayaƙi.

Ya ci. Gwaggo ta ce ya cinye kwanon tas, ya kuma ce gishiri ya yi yawa. Ya ƙara damina biyu a duniya, ya yi ɗan kumari, ya sa babbar rigar nan ranar idi. Makka ce dai bai samu zuwa ba. Haladu ya daina wasa da kafaɗar ta gaji, yana can yana koya wa yara jifa, yakan zo lokaci-lokaci mu zauna a shagona mu yi hirar farashin taki, don ba mu da sauran abin da za mu ce game da maganar mahaifinsa. Zabirar tana rataye a zauren, babu wanda ya ɗauka. Ƙaramar tukunyar kuwa na gan ta kwanan nan da na je gaida Gwaggo, tana bayan rumbu an zuba mata ruwa, kaji suna sha.